Sawun da Na Auna a Amarawa

Na tsufa, haƙora sun zube, jikokina ma sai na kira sunan wannan da na wancan kafin in dace da wanda nake nufi, amma akwai abu guda da ba zai taɓa fita daga kaina ba har in koma ga Mahaliccina. Ko da na so in manta, mutanen Amarawa ba za su bar ni ba, domin 'ya'yan waɗanda suka ga abin da idonsu sun gaji labarin tare da gonaki. Shi ya sa na ga gara in faɗe shi da bakina. In wani ya faɗa sai ya ƙara gishiri, alhali abin ko babu gishiri ya ishe ni kunya.

A lokacin Nasara ba su daɗe da cin Sakkwato ba. Sun zo sun jera duwatsu tsakaninmu da Ƙwanni, suka ce nan ƙasar Ingilishi ce, can ta Faransa. Mu da danginmu suke nan suke can, sai muka dube su kawai muka ci gaba da kora jakunanmu. Ni matashi ne a Illela, ina fatauci irin na gidanmu, in kai goro da baƙin zane arewa, in dawo da gishiri da dabino. Ina da jakuna, ina da baki, kuma bakin ya fi jakunan yawa. Halina a lokacin shi ne son a sani. In zan sayi hula sai na zaga kasuwa na tabbata babu mai irinta, in kuwa na ga irinta a kan wani, to ranar ta fita daga raina.

Na auri ɗiyar wani manomi a Amarawa, mace mai hankali, marar yawan magana, irin wadda in ta yi shiru ka san akwai zance. Mahaifinta kuwa dattijo ne mai kwarjini. Yaran yanzu da suke zama tabarma ɗaya da surukansu har a ci tuwo tare ba za su gane ba, amma a zamaninmu suruki ba abin kallo ba ne. In ka hango shi a hanya sai ka ratse cikin gona. In gaisuwa ta kama dole, ka tuɓe takalmi tun daga nesa, ka durƙusa a bakin zaure idonka a ƙasa, ka gaisa, ka ja da baya ka fice. Tun da na auri ɗiyarsa ban taɓa ganinsa a tsaye ba. Abin da na sani game da shi kawai, ta wutsiyar ido, shi ne rawani, da babbar riga da ta malale ta rufe buzun da yake zaune a kai, da murya mai kauri wadda in ya yi gyaranta sai in ƙara sunkuyar da kai.

Da damina ta yi nisa na shirya tafiya Tawa, na ce wa matata zan dawo kafin a yanke gero. Da muka isa can, Faransawa suka kama jakunanmu suka yi ta ɗora musu kayan bariki. Wannan gaskiya ne, kuma shi na riƙa faɗa wa mutane daga baya. Abin da ba na ƙarasawa shi ne, bayan an sako mana jakunan ban kamo hanyar gida ba. Ciniki yana ci, hira tana daɗi, na ce bari in ƙara kasuwa ɗaya, daga nan in ƙara wata. Aka yanke gero, aka kai rumbu, sanyi ya zo ya wuce, ban aika ko da gaisuwar baki ba, ga fatake kullum suna saukowa Illela.

Da zafi ya fara na shigo gida da sallamata mai ƙarfi, na tarar da ɗakina a share tas, ƙore a kife, babu kowa. Innata tana zaune a tsakar gida tana gyaran wake, ko tashi ba ta yi ba.

Ta ce, "Ta tahi gidansu. Ba ta yi faɗa da kowa ba, ta durƙusa ta yi min ban kwana ta tahi. Ubanta ya aiko, ya ce in watan azumi ya tsaya ba ka zaka ba, zai tahi wurin alƙali a raba auren."

Ina son matata, wannan ban taɓa ɓoye shi ba, kuma da na dubi ɗakin nan babu ita sai na ji duk ribar da na ciwo ta zama toka. Inna ta ce gobe da safe in ɗauki baffana, ƙanen mahaifina, mu je biko. Da na ji maganarta da yau ba ni da labarin da zan ba ku. Amma sai na gyara zama na ce ai mutum kamata ba ya zuwa biko da goro kawai kamar kowa. Dattijon nan ne ke riƙe da igiya, shi zan saukar wa kyautar da bai taɓa gani ba, wadda babu mai irinta daga nan har Sakkwato, da bakinsa zai ce a fito da ita. Azumi da saura, akwai lokaci. Inna ta dube ni ta ce, "Allah shi shirye ka," ta ci gaba da tsintar wakenta.

Haka na shiga yawon neman abin da ba a taɓa gani ba. Na fara da wani masaƙi a Lafani, wanda aka ce babu mai saƙa luru kamarsa. Na same shi a rumfarsa, zare ya miƙe har bakin hanya, hannu da ƙafa duk suna aiki. Ya shimfiɗa mini wani luru fari da baƙi, mai nauyi, wanda in ka lulluɓa da shi sanyi sai dai ya nemi wani. Na shafa, na yaba, sannan na tambaye shi ko akwai mai irinsa a Amarawa. Bawan Allah ya ɗauka abin yabo ne, ya ce ai liman yana da shi, mai gari ma yana da shi. Na kaɗe rigata na tashi, na bar shi da baki buɗe.

Wurin maƙeri a Illela na ga wata wuƙa mai kyan gaske, ƙotarta da adon jan ƙarfe, har na karɓo ta na kawo gida in nuna. Inna ta ce, "Biko za ka ko yaƙi?" Na mayar. A Garu kuma na sami masassaƙi yana ƙona zane a jikin baƙin akushi da ƙarfe mai zafi, zane siriri mai zagaye kamar lallen amarya. Wannan kam ya shiga raina, na daɗe ina juya shi. Amma sai na tuna akushi a cikin gida zai zauna, daga madafa sai gaban mai gida, wa zai gan shi balle ya tambayi wanda ya kawo? Ni kuwa kyautar da nake so ita ce wadda za ta fita waje ta yi mini shela. Kuma duk inda na sauka sai na ɗaga murya na ce kyauta nake nema wadda babu irinta, har mata masu daka su tsaya su saurara. Wanda zan ba ne kawai ba na faɗi, domin ambaton suruki a bainar jama'a ma rashin kunya ne.

Ashe abin da nake nema yana gefen kasuwarmu, wurin wani tsohon baduku da nake wucewa kullum ba na ko tsayawa. Ranar na tsaya ne don na ga masinjan wani Bature mai rangadi tsugune a gabansa yana jiran matasan kai na fata da ubangidansa ya sa a ɗinka. Na ce a raina, wanda Nasara ya aiko wurinsa ai ba ƙaramin mutum ba ne. Na leƙa rumfar, warin jima ya dake ni, ga jar fatar akuya a rataye mai laushi kamar zane, ga tsanwa, ga baƙa. A can sama na hango takalma na ado, irin waɗanda ake kira sambatsai. Nan take na san na iso. Takalmi ai shi ke zuwa masallacin Juma'a, shi ke zuwa suna da ɗaurin aure, shi ake tuɓewa a bakin ƙofa kowa ya gani.

Na ce masa ina son irinsu zan yi wa wani dattijo kyauta, amma da zanen da bai taɓa yi wa kowa ba. Ya tauna goronsa ya ce yana da wani zane a kansa da ya daɗe yana son ya gwada, sai dai ba ya yanka fata sai da awo.

Ya ce, "Karyo kara daidai tsawon ƙafatai, ka ƙulla kaba ga faɗinta. In babu awo, babu aiki."

Nan na tsaya cak. Ina ni ina zuwa gaban surukina in ce miƙo ƙafarka in auna? Ko aike ba zan iya ba, domin in na aika, kyautar ta tonu, kuma za a ce ga shi yana gari bai zo ba. Na yi ta saƙa da warwara har dabara ta zo mini, kuma na rantse muku a lokacin na ɗauka ko sarkin dabara sai haka. Na san kowace safiya dattijon yana sauka fadama duba lambunsa, ta wata hanya mai laushin rairayi, kuma manomi ba ya sa takalmi zuwa fadama. Abin da ƙafa ta taka ai shi ne awonta.

Da sassafe na hau jaki na nufi Amarawa, na ɗaure shi a gindin wata bagaruwa, na lallaɓa na laɓe a bayan wani rumbu da ke bakin hanyar. Ban daɗe ba na jiwo muryar nan, yana tafe yana magana da wani a kan tsutsar da ta shiga albasa. To a nan ne hali ya yi halinsa. Ni da na zo leƙe, ni da babu wanda ya san ina wurin, ina jin muryar sai kaina ya sunkuya da kansa, har na tsinci hannuna yana laluben takalmina zai tuɓe. Ban ɗaga ido ba sai da muryoyin suka yi nisa suka ɓace a gangare.

Na fito na duba hanya. Sawu biyu ne a jere, sababbi fil. Ɗaya ƙato, mai faɗi, ya nutse cikin rairayi. Ɗayan ɗan ƙarami, siriri, da ƙyar ya taɓa ƙasa. Ko tsayawa tunani ban yi ba. Mutumin da ke da murya irin wannan ai ba zai yi ƙafa irin ta ɗan akuya ba. Na durƙusa a kan ƙaton, na ɗora kara na karya daidai, na ƙulla kaba. Don in ga iyakar dunduniya sosai har na sa hannu ina share rairayin gefe, ina hurawa da baki, ina tattara wanda ya zubo ciki a tafin hannuna ina zubarwa.

Sai na ji salati a bayana. Na waiga, ga wata tsohuwa da tulu a ka, ta zaro ido.

"Kai, ba kai na mijin wance ba? Mi kaka yi ga sawun mutane?"

Maimakon in tsaya in yi mata bayani, sai na cusa karan cikin riga kamar wanda ya saci kaza, na kwasa da gudu na haye jakina. Duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya san abin da ake nufi in aka ga mutum durƙushe a kan sawun wani yana ɗibar ƙasa. Sammu ake haɗawa da ita, a kai wa boka a nakasa mai sawun. Ni ma na sani tun ina yaro. Amma a ranar kaina cike yake da jar fata da tsanwa, abin da ya dame ni kawai shi ne kada tsohuwar ta tona mini asirin kyauta. Har ina yi wa kaina kirari a hanya don na tsere da awona lafiya.

Baduku ya karɓi karan, ya ɗaga shi sama, ya gwada shi da damtsensa, ya dube ni.

"Wagga ƙafa ta mutum ta?"

Na ce, "Ba ka san mai ita ba ne, baba. Ɗinka kawai."

Ya ce to, shi dai abin da aka kawo masa yake yankawa. Sai da ya nemo fatar bijimi mai kauri don tafin, saman kuwa ya ci jar fata fiye da yadda ya tanada. Kullum ina rumfarsa, ina kallon yadda yake tsaga tsanwar fata siririya kamar zare, ya huda da basilla, ya soka ta ya zaro, ya soka ya zaro, har zanen ya fara fitowa, wasu ƙananan taurari a cikin gida-gida, baƙi yana kewaye da su. Aiki ne na mai haƙuri, ni kuwa ba ni da shi. Ina ta ba shi shawara, nan a ƙara ja, nan a rage baƙi, har ran nan ya ajiye basilla ya ce ko in tafi in ba shi wuri ko in zauna in ɗinka da kaina. Na koma can nesa ina leƙe.

Ana cikin haka, saura maɗauri ɗaya a gama, baffana ya aiko a kira ni. Na tarar da shi a zaurenmu fuska a murtuke, Inna a bakin ƙofa ta rafka tagumi. Ya ce daga Amarawa yake, kiransa aka yi. Garin duk ya ɗauka cewa na dawo daga Tawa da asirin arewa, na je na ɗebi sawun surukina zan kai wa boka, don in kau da shi in ɗauki matata ba tare da biko ba. Dattijon ya ce ya fasa jiran azumi, ranar kasuwa mai zuwa zai sauko Illela wurin alƙali.

Na zauna dirshan a ƙasa. Na kwashe labari na faɗa musu tun daga Lafani har bayan rumbu. Inna ta ce ita dai tun da ta haife ni ba ta taɓa jin wauta mai tsari irin wannan ba. Baffa bai yi dariya ba. Ya ce magana ta wuce baki, sai abin da ido ya gani, in je in karɓo takalman ko an gama ko ba a gama ba. Na tsaya a kan baduku yana ɗinka maɗaurin ƙarshe, wannan karon ban ba shi shawara ko ɗaya ba. Na naɗe su a cikin zane muka kama hanya.

Zauren surukina ya cika. Ga liman, ga dattawan unguwa, ga wani maƙwabcinsa a jingine da bango, ƙaton mutum, tsohon ɗan kokawa wanda a zamaninsa aka ce babu mai kai bayansa ƙasa. Tsohuwar nan tana daga waje tana ta maimaita abin da ta gani, kowane zagaye ƙasar da na ɗiba tana ƙaruwa, har ta kai cikin ƙwarya. Na tuɓe takalmina na durƙusa a bakin ƙofa, ido a ƙasa yadda na saba. Baffa ne ya yi magana, domin a irin wannan zama ba ni da baki. Ya yi gaisuwa, ya ba da haƙuri a kan daɗewata, sannan ya ce yaron nan ba ƙasa ya ɗiba ba, awo ya ɗauka, ga kuma shaida. Ya kwance zanen ya ajiye takalman a tsakiyar zaure.

Kowa ya zuba musu ido. Gaskiya baduku ya yi aiki, jan yana ɗaukar ido, taurarin kamar ka tsince su. Na ji ana cewa masha Allah ƙasa-ƙasa, har zuciyata ta fara kumbura, don hali zanen dutse ne. Sai liman ya yi gyaran murya ya ce, "Aiki ya yi kyau. Amma na mutum guda na, ko na gida duka?"

Na ji motsin riga. Ban san lokacin da na ɗaga ido ba, karo na farko tun da na shigo dangin nan. Surukina ya miƙe tsaye. Jama'a, ashe mutumin da nake tsoro duk shekarun nan ɗan firit ne, in muka jera da ƙyar rawaninsa zai kai kafaɗata. Rigar ce babba, muryar ce babba. Ya tattare riga ya zura ƙafa ɗaya a cikin takalmin dama, ƙafar ta ɓace. Ya ɗago ɗayar ya zura a cikin wannan takalmin dai, ta shiga, har da sauran wuri. Ya tsaya a haka, ƙafa biyu a takalmi ɗaya, fuskarsa ko alamar murmushi babu.

Wani dattijo ya ce a miƙa wa ɗan kokawa ya gwada. Ya zura, suka zauna masa ɗas kamar a ƙafarsa aka ɗinka su, kuma ai a ƙafarsa aka ɗinka su. Ya taka, ya juya, yana washe baki. Can sai fuskarsa ta canza, ya dafe ƙugu ya ce, "Ashe sawuna anka auna. To wallahi tun ranan nan bayana ke ciwo."

Zaure ya kece da dariya, har liman yana share hawaye da gefen rawani. Ni kuwa da ƙasa za ta tsage da na shige na ja ta na rufe. Surukina ya koma ya zauna a kan buzunsa, ya bari dariya ta lafa, sannan ya ce wa liman da muryar nan tasa, "Malam, a bar zancen sammu. Wanda bai san sawuna ba, ko ya yi, ba ni zai kama ba." Ya ce maƙwabcinsa ya riƙe takalman, Allah ne ya ciyar da shi.

Na sauke ajiyar zuciya. Na ce a raina na sha kunya, amma dai na tsira, yanzu sai a ce a fito da ita. Sai na ji ya juya wurin baffana, domin ba zai yi mini magana kai tsaye ba, ya ce, "Tambaye shi. Ni na ga nawa, na gode. Ina na wadda ta yi ta jira?"

Baffa ya waiwayo ya dube ni. Na dubi zanen da muka naɗo takalman, babu komai a ciki. Na zaga Lafani, na zaga Garu, na wuce masu awarwaro, na wuce masu faifai da masu ƙoren ado, ban taɓa tsayawa na ce wannan zai dace da ita ba. Ko ɗan dabinon da na zo da shi daga Tawa na sayar. Dariyar ɗazu ba ta yi mini zafin wannan tambayar ba.

Dattijon ya ce, "Ba ni anka bari ba. Shi tahi shi ji daga bakinta. Abin da ta ce shi za a yi."

Aka raka ni bakin zanan da ya raba zaure da cikin gida. Tana daga ciki, ba na ganinta, sai ƙarar mazarinta nake ji tana kaɗi. Na yi sallama ta amsa a hankali. Duk bakin nan nawa da ke sayar da gishiri ga mai gishiri ya mutu. Ita ce ta fara magana.

Ta ce, "Mata sun riƙa zuwa suna ce min an ga mijinki a Lafani, an gan shi a Garu, yana neman kyauta wadda babu irinta. Kowace safiya sai in yi kwalliya in share ƙofa. Na ɗauka tawa ta."

Ba ta ɗaga murya ba, ba ta yi kuka ba. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Na nemi zancen Faransawa da jakuna a bakina, na ji ya yi tsami, na haɗiye shi. Na ce mata ban zo da komai ba, ba ni da hujja, na yi laifi, kuma ina son ta dawo domin gidan nan ba ya zaunuwa in ba ta. Iyakar abin da na iya faɗi ke nan.

Mazari ya tsaya. Har na fara tunanin ta tashi ta bar ni ina magana da zana. Sai na ji an karya wani abu ƙas, aka jefo shi ta sama ya faɗo a gabana. Ɗan guntun kara ne.

Ta ce, "Ga awona nan, ni na auna da kaina. Kada ka koma bin sawun mutane a kashe min miji a hanya."

Kalmar nan ta miji ita na riƙe na fito da ita, ina tafe ina tuntuɓe. Baduku ya ɗinka mata takalma jajaye, marasa tarkace, ya ce wannan kam ƙafar mutum ce. Na kai da hannuna, kuma kafin a ga watan azumi tana ɗakinta. Ɗan kokawa kuwa ya yi ta zuwa Idi da takalmana har ya bar duniya, duk wanda ya yaba sai ya nuna ni ya ce surukinsa ne ya yi masa, alhali ko 'yar tsana bai ba ni aure ba. Akwai sunan da suka laƙaba mini a garin, wannan kam ba za ku ji shi a bakina ba.

Abin da na koya, kuma na biya shi da mutuncina, shi ne masu sana'a ba sa kuskure a kan abin da ka kawo musu. Masaƙi da maƙeri da baduku kowa hannunsa na da albarka, sai dai babu wanda zai iya gaya maka wanda ya kamata ka ba. Ni na fita neman kyautar da za a gani a yabe ni, shi ya sa na auna wanda ba shi ba, na kai wa wanda bai nema ba, na manta da wadda take share ƙofa tana jirana. In za ka yi wa mutum kyauta, kafin ka je kasuwa ka fara ɗaga kai ka dube shi.